Ƙuduri na 9 da Babur na Hannu: Nazari a kan Hukuncin Inshora da Matakanta a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan nazari ya ɗauki Ƙuduri na 9 na Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wanda ya haramta inshorar kasuwanci a shekarar 1985, ya auna shi da halin mutumin da ya sayi babur na hannu a Furana ko wani gari na ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan. An nuna cewa hujjar ƙudurin tana da ƙarfi a kan yarjejeniyar kanta, amma ya yi hukunci ɗaya a kan abubuwa uku mabambanta, kuma bai ambaci wanda ake bugewa a hanya ba. An kwatanta farashin matakan inshora uku, aka auna kowanne da ƙa'idojin lamuni da diyya na mazhabar Malikiyya.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan, babur ya gaji aikin jaki da na doki baki ɗaya. Da shi ake kai taki gona, a ɗauko kwandon tumatir ko damin rake zuwa bakin titi, a kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Da yawa daga cikin waɗannan babura na hannu ne, wato sun ga jiya a hannun wani kafin su zo hannun mai su na yanzu. Duk wanda ya sayi irin wannan babur, ya tashi fita da shi daga hanyar gona zuwa Hunƙuyi ko Tashar Yari ko Zariya, zai haɗu da maganar takardar inshora, musamman tun daga ranar 1 ga Fabrairu 2025 da rundunar 'yan sandan Nijeriya ta fara matsa wa masu ababen hawa a kanta.

Idan mai babur ya kai tambayarsa zaure, amsar da ya fi ji gajeruwa ce: inshora haramun ce, amma a yanki takardar saboda jami'an hanya. Wannan amsa tana da tushe, tushen nata kuwa shi ne Ƙuduri na 9. Abin da ya kamata a bincika shi ne ko ƙudurin ya faɗi abin da ake jingina masa, da kuma ko ya wadatar da mai tambayar da ke son sanin wane mataki na inshora zai ɗauka, nawa zai biya, me kuma zai sauke daga wuyansa da abin da ya biya.

2.0 Asalin Ƙudurin da Abin da Ya Ƙunsa

Maganar inshora ta daɗe a littattafan fiƙihu. Malamin Hanafiyya Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1252 bayan Hijira, daidai da 1836, ya tattauna ta a Raddul Muhtar da sunan sukara, wato kuɗin da fatake kan biya wani baƙo don ya lamunce musu kayansu na jirgin ruwa idan sun nutse ko sun ƙone ko an washe su. Ya tafi a kan cewa karɓar ramuwar ba ta halatta a ƙasar Musulunci ba, domin ɗora wa mutum abin da Shari'a ba ta ɗora masa ba ne.

A 1961, a taron Makon Fiƙihun Musulunci na Dimashƙa, Shehu Mustafa Zarƙa ya kare halaccin inshora, Shehu Muhammad Abu Zahra ya saɓa masa. Zarƙa ya kafa hujja da tsarin aƙila, da lamunin hatsarin hanya na Hanafiyya, da alkawarin da ke zama dole a wurin Malikiyya. Ya ƙara da cewa abin da mai biya yake saye shi ne kwanciyar hankali, kuma yana samun ta tun ranar da ya biya. A 1967 malamin Sudan Shehu Siddiƙ Darir ya kammala babban bincikensa a kan garari da tasirinsa a cikin yarjeniyoyi, inda ya sanya inshorar kasuwanci cikin abin da garari yake ɓatawa. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta haramta ta a 1977, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bi sahu a 1978, Zarƙa kaɗai ya saɓa.

A kan wannan shimfiɗa aka gina Ƙuduri na 9, a zaman Majalisar karo na biyu a Jidda, daga 22 zuwa 28 ga Disamba 1985. Gaɓoɓinsa uku ne. Ta farko ta ce inshorar kasuwanci mai ƙayyadadden zubi tana ɗauke da garari mai yawa da ke ɓata yarjejeniya, saboda haka haramun ce. Ta biyu ta ce madadinta shi ne inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta. Ta uku ta yi kira ga ƙasashen Musulmi su kafa hukumomin da za su gudanar da wannan madadi.

3.0 Inda Ƙudurin Ya Dace

Garari shi ne ƙulla ciniki a kan abin da ƙarshensa yake ɓoye, irin abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Hanin da Annabi (SAW) ya yi a kansa ya tabbata a Sahihu Muslim daga Abu Huraira (RA). Mai babur da ya biya kamfani kuɗin shekara bai san ko zai karɓi wani abu ba, bai san nawa ba, bai san yaushe ba. Amsar Zarƙa cewa kamfani yana sanin jimillar asararsa ta hanyar lissafin mutane masu yawa gaskiya ce ta fuskar kamfani. Ta fuskar mutum ɗaya da ya miƙa kuɗinsa kuwa, duhun yana nan yadda yake. A wannan gaɓa ƙudurin ya fi abokan jayayyarsa ƙarfin hujja.

Wani abin yabo shi ne taƙaitawarsa. Hukunce-hukuncen 1977 da 1978 sun jero illoli da yawa, har da caca da riba. Ƙuduri na 9 ya tsaya a kan garari kaɗai. Wannan yana da sakamako a fiƙihu, domin garari hani ne da ke sassautawa idan buƙata ta matsa. Darir da kansa ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin garari ya ɓata yarjejeniya: ya zama mai yawa, ya zama a cikin musayar dukiya, ya shafi ainihin abin da aka ƙulla a kansa, kuma kada mutane su kasance cikin buƙatar da ba ta da wata mafita. Ke nan haramcin gaɓa ta farko yana rataye da samuwar madadin da ke gaɓa ta biyu. Wanda ya karanta ta farko ya rufe littafi ya karanta rabin hukunci.

Gaɓa ta biyu kuma Malikiyya ce tun daga tushe. Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bayyana a Alfuruƙ cewa Imamu Malik yana bambanta musaya da kyauta. Garari yana ɓata ciniki domin wanda ya biya zai iya tashi a tutar babu, amma ba ya ɓata kyauta, domin wanda aka yi wa bai yi asarar kome ba. Littafin Haɗɗabi a kan mas'alolin lizimta wa kai alheri shi ne madogarar da masu tsara takaful na zamani suka kama wajen mayar da zubin mahalarta kyautar da ta zama dole.

4.0 Matakai Uku da Farashinsu

Mai babur ba ya tsayawa gaban inshora guda ɗaya. Matakai uku ake gabatar masa.

Na farko shi ne inshorar haƙƙin wani, wadda ake kira ta ɓangare na uku. Ba ta biyan mai babur ko sisi a kan babur ɗinsa ko jikinsa. Wanda ya buge take biya, ko magadansa, ko mai dukiyar da ya lalata. Ita ce doka ta wajabta tun dokar 1945, dokar inshora ta 2003 ta jaddada, sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta ci gaba da wajabtawa. A sanarwar Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023, zubin babur N3,000 ne a shekara, iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya kuwa N1,000,000. Keke mai ƙafa uku N5,000 ne da iyakar N2,000,000, motar gida N15,000 da iyakar N3,000,000. Wannan iyaka ta dukiya ce, rauni da rasa rai ba a yanka musu irinta ba.

Na biyu shi ne na farkon tare da ƙarin sata da gobara. Na uku shi ne cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa duka waɗannan da gyaran babur ɗin kansa idan ya yi hatsari. Sanarwar ta ce zubin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamfani yana iya ɗora abin da ya fi haka a kan tsohon babur.

A ɗauka, alal misali, an sayi babur na hannu a kan N600,000. Mataki na farko N3,000 ne, wato N250 a wata. Mataki na uku ba zai gaza N30,000 ba, ninki goma ke nan. Na biyu yana tsakaninsu. Bambancin da ya fi na kuɗi girma shi ne na mai haƙƙi: na farko yana tsare haƙƙin wasu, ƙarin da ke cikin na biyu da na uku yana tsare dukiyar mai babur ne. Ƙuduri na 9 ya dubi siffar yarjejeniyar, ya ga duka ukun zubi ne a kan abin da ba a sani ba, ya yi musu kuɗin goro. Nan ne giɓinsa na farko.

5.0 Wanda Ƙudurin Bai Ambata Ba

A yarjejeniyar mataki na farko mutane biyu ne suke sa hannu, amma saboda mutum na uku aka yi ta. Shi ne yaron da ya tsallaka titi a bakin kasuwar Maƙarfi, ko tsohuwar da ke dawowa daga rijiya, ko makiyayin da aka karya wa saniya. Ƙudurin bai ce kome a kansa ba, alhali fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Zazzau ya yi maganarsa filla-filla.

Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, a babin jinane da haddodi, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai jan ta da mai kora ta. Imamu Malik ya faɗi haka a Muwaɗɗa, ya ƙarfafa shi da hukuncin Sayyidina Umar (RA) a kan mutumin da ya sukwani dokinsa ya yi ɓarna. Idan mahayin doki yana lamuni alhali doki yana da nasa nufin, mahayin babur ya fi cancanta, tun da babur ba ya motsi sai da hannunsa. Majalisar da ta fitar da Ƙuduri na 9 ta tabbatar da haka a Ƙuduri na 71, a zamanta na Burunai a 1993, inda ta ce hatsarin hanya yana shiga hukuncin jinaya, kuma bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne.

Nauyin da ke nan ba ƙarami ba ne. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Diyyar a wurin Malikiyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. A ma'aunin da malaman zamani suka fi ɗauka, na giram 4.25 ga kowane dinari, giram 4,250 na zinari ke nan. Ba a ɗora wa mai kuskure wannan shi kaɗai ba. Aƙilarsa, wato danginsa maza ta wajen uba, su ke raba ta cikin shekara uku. Sai dai Risala ta iyakance: raunin kuskure da bai kai sulusin diyya ba daga aljihun mai laifi yake fita. Ɓarnar dukiya kuwa, kamar saniya ko gilashin mota, aƙila ba ta ɗaukar ta ko kaɗan.

Ke nan mai babur na N600,000 yana yawo da yiwuwar bashin da ya ninka babur ɗinsa sau ɗaruruwa. Abin tambaya shi ne ina aƙilar take a yau. Abin da aka saba gani shi ne a taru a zauren mai unguwa ko na dagaci, a ba da haƙuri, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, dangin mamaci su yafe. Yafiya alheri ce da Alƙur'ani ya buɗe ƙofarta. Amma yafiyar da aka yi saboda an san babu abin da za a samu tana da tambaya a kanta, kuma idan cikin magada akwai marayu ƙanana, waliyyinsu ba shi da ikon zubar da rabonsu haka kawai.

Majalisar ta dawo kan wannan a Ƙuduri na 145, a zamanta na Dubai a 2005. Ta ce idan aƙila ta ɓace ko ta gaza, inshorar Musulunci ta takaful da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun ma'aikata za su iya tsayawa a madadinta. Wannan yana da asali a mazhaba, domin Muhtasar na Halil ya gabatar da 'yan diwani ɗaya a kan dangi wajen ɗaukar diyya, bisa tsarin Sayyidina Umar (RA). Da wannan ƙuduri, ƙiyasin Zarƙa a kan aƙila, wanda aka ƙi karɓa don halatta inshorar kasuwanci, ya samu gurbi a babin lamunin haƙƙin wani. Ƙuduri na 9 ba ya cika sai an haɗa shi da na 71 da na 145.

6.0 Takardar Bogi

Amsar da ke cewa a yanki takarda saboda jami'an hanya ta haifar da ɗabi'a mai muni. Tun da an gaya wa mai babur cewa abin haramun ne kuma ba zai amfana da shi ba, sai ya nemi mafi araha a hannun 'yan kamasho, ba tare da damuwa da ko akwai kamfani a bayan takardar ba. Yawaitar takardun bogi ce ta sa ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta kafa rumbun bayanai na NIID, inda ake sa lambar abin hawa a ga ko inshorarsa ta gaskiya ce.

Wanda ya sayi takardar bogi ya yi gudun gara ya tarar da zago. Garari ya guje wa, sai ya faɗa cikin algus da taimaka wa mai zamba, ya ba da kuɗinsa a kan abin da ya tabbata babu shi, ya kuma bar wanda zai buge hannu rabbana. A yarjejeniyar gaskiya akwai shakkar ko za a biya, a ta bogi akwai yaƙinin ba za a biya ba.

Akwai kuma fatawar da wasu masu haramtawa suka bayar, cewa wanda aka tilasta wa inshora kada ya karɓi fiye da abin da ya zuba. Tana da ma'ana a inshorar dukiyar mutum ta kansa. Idan aka ɗora ta a kan mataki na farko, ma'anarta ita ce a miƙa wa mai karayar ƙafa N3,000. Kuɗin nan ba aljihun mai babur suke shiga ba, haƙƙin wanda aka cutar ne, shi kuwa bai ƙulla kome da kowa ba. Shi ya sa malamai da yawa, har daga cikin masu haramtawa, suka halatta masa karɓa. Kaffarar azumin wata biyu a jere kuwa tana nan a wuyan mai kisan kuskure, babu kamfani ko asusun da zai ɗauke masa ita.

7.0 Lissafin Mataki na Biyu da na Uku

A waɗannan matakai babu tilascin doka, babu kuma haƙƙin wani a cikin ƙarin da suke ɗauke da shi. A nan Ƙuduri na 9 yake aiki da cikakken ƙarfinsa: wanda ya ɗauke su daga kamfanin kasuwanci alhali yana iya samun takaful ba shi da uzuri. Ko a takaful ɗin ma, lissafi yana da abin cewa.

Ƙa'idar inshorar dukiya ita ce a mayar da mutum inda yake kafin asara. Idan aka sace babur, darajarsa ta kasuwa a ranar satar ake dubawa, kuma ba a wuce adadin da aka rubuta a takarda. Wanda ya ƙara wa babur ɗinsa daraja a rubuce ya yi ƙarya, ya biya zubi mai yawa, ba zai karɓi ƙarin ba. Wanda ya rage don zubi ya yi sauƙi za a rage masa ramuwa. Akwai kuma kason farko na kowace asara da mai babur ke ɗauka da kansa. Idan wannan kaso, alal misali, N20,000 ne, to fashewar fitila da lanƙwasar kan babur, waɗanda su ne ɓarnar yau da kullum, ba za su kai ga kamfani ba. Idan aka sa wa tsohon babur sabon ƙarfe, ana iya cire wa mai shi bambancin tsufa. A shekara biyar, zubin N30,000 ya zama N150,000, rubu'in kuɗin babur ɗin.

Babur na hannu yana da wata matsalar ta daban, ta takardu. Idan rasit da lambar inji da ta gangar jiki ba su dace da juna ba, ko ba a yi canjin mallaka zuwa sunan mai saye ba, neman ramuwa zai yi wuya. Haka nan wanda ya rubuta cewa babur na hawan kansa ne alhali acaɓa yake yi da shi: fasinjan da ya ɗauka da kuɗi yana iya faɗawa wajen yarjejeniyar. Ɓoye irin wannan bayani algus ne a Shari'a kafin ya zama dalilin hana biya a doka.

Rabe-raben Shaɗibi a Almuwafaƙat, na larura da buƙata da kyautatawa, suna taimakawa a nan. Mataki na farko yana kusa da larura, domin rai da gaɓoɓin mutane ne a ciki. Kariya daga sata tana iya zama buƙata ga wanda babur ne kaɗai abincinsa, musamman wanda ya karɓe shi a kan biya kaɗan-kaɗan, domin idan aka sace, bashin yana nan, hanyar biyansa ta tafi. Mataki na uku a kan tsohon babur da aka gama biya ya fi kusa da kyautatawa. Manomin da ke da shanu da hatsi a rumbu yana iya ɗaukar asarar babur da kansa, ya adana zubinsa.

Akwai hanyar da ta fi kusa da al'adar wurin. Idan 'yan acaɓa 100 na tasha ɗaya suka zuba N30,000 kowannensu a asusun kyauta, N3,000,000 ke nan a shekara, kuɗin babura biyar irin na misalin nan. Wannan ya yi kama da abin da Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa da shi a hadisin Buhari da Muslim, na tara guzurinsu a mayafi ɗaya su raba idan abinci ya yi ƙaranci. Sai dai irin wannan asusu ba zai iya ɗaukar diyyar rai ko ɗaya ba. Malaman mazhaba sun lura da zancen yawa tun da daɗewa, domin Halil ya kawo zance biyu a kan mafi ƙarancin adadin aƙila: mutum 700, ko abin da ya haura 1,000. Asarar da ke da iyaka asusun ƙungiya yana iya ta. Wadda ba ta da iyaka sai babban taro, kuma a nan takaful yake da gurbi.

8.0 Madadin da Bai Iso Ba

Gaɓa ta uku ta ƙudurin kira ce ga hukumomi, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A Sudan aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a 1979, Malesiya ta yi dokar takaful a 1984. A Nijeriya sai a 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, a 2016 kuma aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi. Wanda ke Kaduna ko Kano, ko mai wayar da ke shiga intanet kuma ya iya amfani da ita, madadi ya iso masa. Manomin Furana da bai taɓa jin kalmar takaful ba, hukuncinsa yana komawa ga sharaɗin Darir na huɗu: idan doka ta tilasta masa, madadi kuma bai kai gare shi ba, ɗaukar inshorar haƙƙin wani ta gaskiya daga kamfanin kasuwanci ya fi barin ta, ya kuma fi takardar bogi nesa ba kusa ba.

Sunan takaful shi kaɗai ma ba ya wadatarwa. Tun da hukuma ce ta yanka zubin mataki na farko, bambanci ba a farashi yake ba. Ɗalibin ilimi da ke ba mutane shawara ya kamata ya san abin da zai tambaya: ko asusun mahalarta a ware yake daga na masu hannun jari, kaso nawa kamfani ke ɗauka a matsayin ladan wakilci, a ina ake juya kuɗin, yaya ake raba rarar ƙarshen shekara, su wane ne malaman kwamitin Shari'a, kwana nawa ake ɗauka kafin a biya wanda aka cutar. Takaful da ke wahalar da mai rauni da zirga-zirga har ya haƙura ya riƙe siffar taimakekeniya ya saki manufarta.

9.0 Kammalawa

Ƙuduri na 9 ya dace a abin da ya faɗa a kan garari, ya kuma dace da ya nuna mafita. Kasawarsa ita ce bai bambanta inshorar da ke tsare dukiyar mutum da wadda ke sauke haƙƙin wani ba, bai yi maganar tilascin doka ba, bai kuma ce kome a kan wuraren da madadin bai kai ba. Majalisar ta cike mafi yawan wannan giɓi a 1993 da 2005, amma cikon bai yaɗu a zauruka kamar yadda haramcin ya yaɗu ba.

Amsar da ta fi dacewa da mai babur na hannu a Ikara, Maƙarfi da Kudan ita ce ya ɗauki mataki na farko da niyyar sauke haƙƙin bayin Allah, daga takaful idan ya samu, ya tabbatar takardar ta gaskiya ce, ya faɗi gaskiya a kan aikin da yake yi da babur ɗin. Ya nemi kariya daga sata a takaful ko asusun ƙungiya idan babur ɗin ne jarinsa ko akwai bashi a kansa. Mataki na uku kuwa ya auna shi da darajar babur ɗin da abin da zai iya ɗauka da kansa. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba, domin a hadisin Tirmizi an umarci mai raƙumi ya ɗaure ta tukuna. Ya rage ga limamai da malaman zaure su haɗa darasin lamunin mahayi da ke cikin Risala da baburan da ke jere a ƙofar masallaci, ga kamfanonin takaful kuma su kai wakilansu tashoshin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi.

Allah ne Mafi sani.